Taku Goma Sha Biyu

Kwana arba'in da ɗaya farar takarda na kallona
kamar mai bin bashi da ya san aljihuna wayam.
Labarin mahaifina nake rubutawa,
mai ɗaga wa jirgi tuta a tashar Haputale.
Na kawo shi bakin ƙofa da fitila a hannu,
sai ya tsaya cak.
Ya ƙi fita, ya ƙi komawa.
Na sauya alƙalami, na sauya kujera,
na sha shayi har harshena ya yi kanta.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Gwaggo Somalata tana kankare kwakwa a tsakar gida,
ko ɗago kai ba ta yi ba:
"Thusitha, rijiyar da ba a daina zura mata guga
yaushe lakarta za ta kwanta?
Tashi ka ba ƙafa aiki.
In za ka dawo, ka taho mini da busasshen kifi."

Da haushi na fita.

Hanya ta ratsa gonakin shayi.
Mata da igiyar kwando a goshi
suna tsinkar ganye biyu da toho ɗaya,
ganye biyu da toho ɗaya,
hira na tafiya, hannu na tafiya.
Gajimare ya sauko ya kwanta jikin dutse
kamar saniyar da ta ƙoshi.
Matsattsaku ta kama ni a idon sawu,
na ɓanɓare ta, na yi tsaki, na wuce.

A wurin ibadar da ke gindin dutsen
tsoho Wimalajoti, cikin mayafinsa ruwan goro,
yana share wani siririn filin yashi,
tsawonsa bai wuce taku goma sha biyu ba.
Bai tambayi abin da ya kawo ni ba.
Takalmina ya nuna. Na cire.
"Ɗaga. Kai gaba. Ajiye.
In tunani ya yi sallama ka amsa masa,
amma kada ka shimfiɗa masa tabarma."

Ɗaga. Kai gaba. Ajiye.
Kuɗin haya ya zo. Sannu.
Editan Colombo ya zo da wasiƙarsa ta uku. Sannu.
Wata tsohuwar kunya, tun ta makaranta,
ta zo ta tsaya, ta gaji, ta tafi.
Na kai ƙarshe, na juyo.
Na sake kaiwa, na sake juyowa.
Lissafi ya kufce mini.
Ya rage sai sanyin yashi tsakanin yatsu
da numfashi yana shiga yana fita kamar ɗan gida.

Na zauna gindin bishiya na rufe ido.
Can ƙasa, cikin kwari,
jirgin yamma ya yi kuka sau biyu.

Sai na gan shi.
Mahaifina, bakin ƙofa, fitila a hannu,
kansa a ɗan karkace.
Ashe saurare yake.
Daren nan tari ya hana ni barci,
ina ɗan shekara shida.
Jirgi na jiransa, aiki na jiransa,
shi kuwa jira yake ya ji numfashina ya daidaita.
Kwana arba'in da ɗaya ina tura shi waje,
mutumin da ke da dalilin tsayuwa.

Babu takarda a jikina.
A shagon Periyasami na ari fensir,
na rubuta a bayan takardar ƙunshin sukari,
a tsaye, kan buhun shinkafa,
layi bakwai a karkace,
ruwan sama na ɗiga a kan na ƙarshe.

Na shiga gida jiƙe sharkaf, ƙafa duk laka.
Gwaggo ta dubi hannuna, ta dubi fuskata.
"Ina kifin?"

Na manta da kifin.
Gobe ma dai akwai tafiya.